Umarni da Roƙo a Harshen Lojban

Lacca ga ɗalibai da malaman harshe, Madarunfa

Umarni magana ce da ake yi don a sa wani ya aikata wani abu. Ba labari take bayarwa ba, saboda haka ba a ce wa mai ita ya yi gaskiya ko ya yi ƙarya; abin da ake jira bayanta shi ne a yi ko a ƙi. Malaman balaga sun daɗe da raba magana gida biyu a kan wannan ma'auni: habari, wadda ke karɓar gaskatawa da ƙaryatawa, da insha'i, wadda ba ta karɓa. Umarni da hani da roƙo da tambaya duk suna gidan insha'i.

Kowane umarni yana ɗauke da abubuwa uku a lokaci guda. Na farko shi ne aikin da ake so a yi. Na biyu, nauyin da mai magana ya ɗora wa aikin: dole ne, roƙo ne, shawara ce, ko izini ne kawai. Na uku, matsayin mai magana a gaban wanda yake yi wa magana. A Hausa, kamar sauran harsunan da mutane suka gada iyaye da kakanni, waɗannan ukun a cuɗe suke. Kalmar "zauna" ɗaya ce a bakin alƙali da bakin mai masauki da bakin likita, amma ta farko hukunci ce, ta biyu karramawa, ta uku shawara. Murya da fuska da wurin da aka yi maganar su ke rarrabewa. Lojban harshe ne da aka ƙera da gangan don ya warware irin wannan cuɗanya, ya ba kowane ɗaya daga cikin ukun kalmarsa ta kansa.

Asalin harshen

Lojban ƙirƙirarren harshe ne, ba shi da ƙabila ko ƙasa. Tushensa yana komawa ga 1955, shekarar da wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, James Cooke Brown, ya fara gina harshe mai suna Loglan. Manufarsa ita ce ya gwada ra'ayin da ake jingina wa Sapir da Whorf, cewa tsarin harshen mutum yana tasiri a kan yadda yake tunani. Ya gabatar da aikin ga jama'a a mujallar Scientific American ta watan Yunin 1960. A 1987, bayan saɓani a kan haƙƙin mallakar Loglan, wasu daga cikin masu aiki da shi, ƙarƙashin jagorancin Bob LeChevalier, suka kafa ƙungiyar Logical Language Group, suka sake ƙera kalmomin daga tushe. Sabon harshen ya samo sunansa daga *logji*, wato mantiƙi, da *bangu*, wato harshe. A 1997 John Cowan ya fitar da littafin The Complete Lojban Language, wanda ya zama madogarar nahawunsa.

Saiwoyin kalmominsa sun haura 1,300, kowace da haruffa 5, an haɗo sautukansu daga manyan harsuna 6: Sinanci, Ingilishi, Hindi, Sifaniyanci, Rashanci da Larabci. Wajen karatu, *c* tana fita kamar "sh", *j* kamar ta Faransanci, *x* kamar ha'un Larabci mai ɗigo a sama, waƙafin sama kamar "h", ɗigo kuma alamar ɗan tsayawa ce. Akwai ƙa'ida guda da ta shafi wannan batu kai tsaye: duk abin da aka furta ana iya rubuta shi, duk abin da aka rubuta ana iya furta shi. Ba a barin wata ma'anar nahawu a hannun hawa da saukar murya.

Ginin jimla

Jimlar Lojban ana kiranta *bridi*. Ginshiƙinta kalma ce mai nuna dangantaka, *selbri*, sai abubuwan da dangantakar ta haɗa, *sumti*. Kowace saiwar kalma tana zuwa da gurabu ƙayyadaddu a jere, kamar gurabun dara, kowane da abin da ke zama a cikinsa. *Pinxe*, wato sha, gurbinta na farko na mai sha ne, na biyu na abin sha. *Dunda*, wato bayarwa, tana da mai bayarwa, da abin da aka bayar, da wanda aka ba. *Bevri*, wato ɗauka a kai, tana da mai ɗauka, da kaya, da inda za a kai, da inda aka ɗauko, da hanyar da aka bi. *Mi* shi ne "ni", *do* shi ne "kai" ko "ke" ko "ku".

*do pinxe lo djacu*: kana shan ruwa.
*do bevri lo finpe le zarci le lalxu*: kana kai kifi kasuwa daga tafki.

Kalmar aikin ba ta sauya siffa saboda lokaci ko jinsi ko adadi. Jerin gurabun shi ke nuna wa ya yi me.

Kalmar *ko*

Umarni a Lojban yana samuwa ta hanyar sauyi guda: a cire *do* a sa *ko*. Wannan kalma ba ta da alaƙa da "ko" ta Hausa, haɗuwar sauti ce kawai.

*ko pinxe lo djacu*: sha ruwa.
*ko bevri lo finpe le zarci*: kai kifi kasuwa.

Ma'anar *ko* a wurin masu harshen ita ce: ga jimla, mai saurare ya yi abin da zai sa ta zama gaskiya. Daga wannan ma'ana wani abu ke fitowa wanda ba a saba gani ba. Tun da *ko* wakilin suna ne, yana iya zama a kowane gurbi, ba lalle sai na mai aikatawa ba.

*la .musas. cu tirna ko*: yi yadda Musa zai ji ka.
*mi dunda lo cunmi ko*: karɓi geron da nake ba ka.

A jimla ta farko Musa ne mai ji, amma nauyin tabbatar da jin yana wuyan mai saurare: ya ɗaga murya, ko ya matsa kusa. A ta biyu mai magana ne ke bayarwa, an umarci mai saurare ya zama wanda aka ba. Hausa tana da kalma guda ta wannan aiki, "ungo", amma a mafi yawan lokuta sai an sauya aikatau, a ce "karɓi" maimakon "ba", ko a kewaya da "yi yadda". Haka kuma *ko* na iya zuwa sau biyu: *ko lumci ko*, wanke kanka.

Hanyar Hausa daban take. Umarnin kai tsaye aikatau ne tsurarsa, ba lamiri a gabansa, kuma karin sautinsa yakan sauya: gaɓar farko ta yi ƙasa, ta ƙarshe ta yi sama. "Tashi" ta cikin "ya tashi" tana farawa sama ta sauka, "tashi!" ta umarni tana farawa ƙasa ta hau. Wannan siffa ta mutum ɗaya ce kawai. Hanya ta biyu ita ce lokaci umartau, inda lamiri mai gajeren wasali da sautin ƙasa ke gabatar aikatau: ka zo, ki zo, ku zo, mu je, a kawo. A nan rubutun boko yake da giɓi, domin ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Ka zo" a takarda na iya zama labari, kamar "ashe ka zo", ko umarni, kamar "ka zo gobe", ko wani sashe na jimla, kamar "ranar da ka zo". Kunnen Bahaushe yana rarrabe ukun nan take, amma idon mai karatu sai ya duba abin da ke gaba da baya. A Lojban bambancin *do* da *ko* a bayyane yake a baki da takarda.

Hani, lokaci da jerin umarni

Hani yana samuwa da kalmar korewa *na*, wadda ake sawa gaban kalmar aiki. Ita ce dai ake kore labari da ita.

*do na klama le lalxu*: ba ka zuwa tafki.
*ko na klama le lalxu*: kada ka je tafki.

Hausa ta ware wa hani kalmarsa, "kada" ko "kar", kuma ba ta haɗuwa da umarnin kai tsaye, sai da umartau: ana cewa "kada ka je", ba a cewa "kada je". Lojban bai buƙaci sabuwar kalma ba, domin ma'anar ta fito daga ƙa'idar farko: mai saurare ya sa jimlar "ba ka zuwa tafki" ta tabbata. Idan kuwa aikin ya riga ya fara, ana so a tsayar da shi, akwai *sisti*: *ko sisti lo nu tavla*, daina magana.

Lokaci zaɓi ne a Lojban. Wanda ya so ya fayyace yana da *ca* ta yanzu, *ba* ta nan gaba, *ba zi* ta nan da ɗan lokaci kaɗan. *Ko ca klama mi* na nufin zo wurina yanzu, *ko ba klama mi* na nufin ka zo wurina daga baya.

Idan umarni ya jeru, Hausa takan sa na farko a siffar kai tsaye, sauran su bi a umartau: tashi ka je ka kawo. Lojban yana haɗa ayyukan da *gi'e* ƙarƙashin *ko* guda: *ko zutse gi'e citka*, zauna ka ci. Sai dai *gi'e* ba ta cewa wane ne farko. Tana neman a yi duka biyun ne kawai. Mai son jeri sai ya ƙara *ba bo*: *ko zutse gi'e ba bo citka*, zauna tukuna, sannan ka ci. Ga umarnin shan magani ko haɗa takin zamani, inda gaba da baya ke da muhimmanci, wannan rarrabewa ba ƙarama ba ce.

Wanda ake yi wa magana

*Ko* ba ya nuna namiji ko mace, ɗaya ko da yawa. Hausa a umartau tana tilasta wa mai magana ya zaɓi ka, ki ko ku. A Lojban, idan ana so a fayyace, akwai kalmar kira *doi*, takwarar "ya" ta cikin "ya ɗan'uwa". Duk sunan da ya biyo ta, shi *do* da *ko* ke nufi har sai an sake wani kiran. Sunayen mutane a harshen suna ƙarewa da baƙi, shi ya sa Binta ke zama *.bintas.*, Musa ya zama *.musas.*

*doi .bintas. ko zutse .i doi .musas. ko sanli*: Binta, zauna, Musa, miƙe.
*ro ko smaji*: dukanku ku yi shiru.

*Ko* na mai saurare ne shi kaɗai. Ba ya ɗaukar "mu tafi", ko "mu tahi" kamar yadda ake faɗa a ƙasar Maraɗi, kuma ba ya ɗaukar "ya shigo" ko "shi shigo". Waɗannan suna bin wata hanyar.

Kalmomin nufi

Lojban yana da rukunin gajerun kalmomi da aikinsu shi ne nuna halin zuciyar mai magana game da abin da yake faɗa. Idan ɗaya ta zo a farkon jimla, takan shafi jimlar duka. Huɗu daga cikinsu su ne ginshiƙin wannan batu: *.e'o* ta roƙo, *.e'u* ta shawara, *.e'a* ta izini, *.ei* ta wajibci.

*.e'o ko dunda lo djacu mi*: don Allah ba ni ruwa.
*.e'u do sipna*: da ka kwanta ka yi barci.
*.e'a do zutse*: an yarda ka zauna.
*.ei do lumci lo xance*: dole ka wanke hannu.

Abin lura shi ne uku na ƙarshe da *do* suka zo. Kalmar nufi ita kaɗai ta isa ta fitar da jimla daga gidan habari; mai cewa *.e'u do sipna* bai yi iƙirarin kowa na barci ba. Don haka waɗannan kalmomi suna aiki da kowane mai aikatawa. *Mi'o* na nufin "ni da kai", saboda haka *.e'u mi'o klama le zarci* shi ne "mu je kasuwa". *.e'o la .musas. cu klama* shi ne "don Allah Musa ya zo". Fata da buri ma suna da nasu: *.a'o* ta fata, *.au* ta so. *.a'o carvi* fatan a yi ruwan sama ne. Duk waɗannan ayyuka umartau ɗaya ke ɗauke da su a Hausa: "ya zo" ta umarni da "ya" ta cikin "Allah ya kawo ruwa" siffarsu ɗaya. A cikin masu amfani da harshen na baya-bayan nan, wasu sun mayar da *.e'i* kalmar umarni tsantsa, ko da yake littafin 1997 ya ba ta ma'anar jin takura.

Kowace kalmar nufi ma'auni ce mai baki biyu. Ɗafa *nai* yana juya ta: *.e'anai* haramtawa ce, *.einai* ɗauke wajibci ce, *.e'unai* gargaɗi ne. Ana kuma auna ƙarfinta da *ru'e* mai rauni, *sai* mai ƙarfi, *cai* mai matuƙar ƙarfi. Hausa ma tana da matakalar roƙo, kuma kowane ɗan kasuwa ya san ta: "ɗan miƙo mini", sai "don Allah", sai "don Allah don Annabi", sai "don girman Allah". *.e'oru'e* yana kusa da matakin farko, *.e'ocai* yana kusa da na ƙarshe. Bambancin shi ne Hausa tana ƙarfafa roƙo ta hanyar kawo sunan wanda mai saurare ba zai so ya ƙi dominsa ba, Lojban kuwa yana bayyana ƙarfin ne kawai ba tare da ya jingina da kowa ba.

Ɗaliban usulu za su gane wannan fage. Babbar mas'ala ce a wurinsu cewa sigar umarni ta Larabci ɗaya ce, amma takan zo da wajabci, ko mustahabbanci, ko halasci, ko tsoratarwa, sai an duba alamun da ke kewaye da ita kafin a yanke. *.ei* da *.e'u* da *.e'a* da *.e'anai* suna tafiya kusa da wajibi da mustahabbi da halal da haramun. Kusanci ne kawai, domin kalmomin Lojban halin mai magana suke nunawa, hukuncin shari'a kuwa daga nassi yake fitowa. Amma tambayar da ɓangarorin biyu suke amsawa guda ce: wane nauyi ke bayan "aikata"?

Akwai wata hanyar roƙo ta biyu, *pe'u*, wadda ke cikin kalmomin kira irin su *coi* ta gaisuwa da *co'o* ta sallama. Suna ke biyo ta: *pe'u .bintas. ko sidju mi*, don Allah Binta, taimake ni. Idan ba a ambaci suna ba, sai an rufe kiran da *do'u*, a ce *pe'u do'u ko sidju mi*. In ba haka ba nahawu zai ɗauki *ko* a matsayin wanda ake kira, jimlar ta rasa mai aikatawa.

Matsayi

Abu na uku shi ne wa ke sama, wa ke ƙasa. Duk wanda ya yi karatun zaure a ƙasar Hausa ya san Ahalari, littafin fiƙihu na Abdurrahman al-Akhdari, malamin ƙasar Aljeriya na ƙarni na 16. Shi ne kuma ya nazamta as-Sullam a ilimin mantiƙi, inda ya raba neman aiki gida uku gwargwadon matsayi: daga na sama zuwa na ƙasa umarni ne, daga na ƙasa zuwa na sama addu'a ce, tsakanin tsara kuma iltimasi ne.

Lojban yana da wannan rabo uku a kalma ɗaya, *ga'i*, wadda ake ɗafa wa kalmar da ta gabace ta. *Ga'i* na nuna mai magana yana ganin kansa a sama, *ga'icu'i* na nuna daidaito, *ga'inai* na nuna ƙanƙan da kai.

*ko ga'i zutse*: zauna, daga babba zuwa ƙarami.
*ko ga'icu'i zutse*: zauna, tsakanin abokai.
*.e'o ko ga'inai zutse*: roƙon zama daga ƙarami zuwa babba.

Saboda nufi da matsayi kowane da kalmarsa, ana iya haɗa su yadda ake so. Babba na iya roƙon ƙarami yana sane da girmansa, *.e'o ko ga'i*. Ƙarami na iya shaida wa babba wajibi cikin ladabi, *.ei do ga'inai*, kamar ma'aikaciyar asibiti da ke gaya wa tsoho sa'an kakanta cewa dole ya shanye maganinsa. Akwai kuma *.io* ta girmamawa, wadda ba sai da bambancin matsayi ba.

Hausa tana nuna matsayi ta hanyar gusar da mai saurare daga bakin umarni. Yaro mai tarbiyya ba ya ce wa mahaifinsa "zauna". Yakan ce "Baba, a zauna", ko ma "Baba, ga wuri". Almajiri yakan ce "Allah gafarta malam, a duba mini allo". Mai ƙara a gaban hakimi yakan ce "ranka ya daɗe, a taimaka". Mai saye a kasuwa yakan ce "Hajiya, a rage mini". Lamirin "a" yana ɓoye mai aikatawa, sai ya zama kamar ba a nuna kowa da yatsa ba. Wani lokaci ana ɗaukar "ku" ta jam'i a ba mutum ɗaya, irin abin da ƴan makaranta ke koya a Faransanci tsakanin *tu* da *vous*. Ladabin Hausa sakayawa ne, na Lojban bayyanawa. Mai cewa *ga'inai* ya faɗi a fili cewa shi na ƙasa ne, Bahaushe kuwa yakan nuna hakan ba tare da ya faɗa ba.

Amsa

Umarni ba ya cika sai an amsa. Lojban ya ɗauki wata al'ada ta masu magana ta rediyon sadarwa, irin matuƙan jirgi, wadda ke raba "saƙo ya iso" da "za a aiwatar". *Je'e* na nufin na ji, na gane. *Vi'o* na nufin na ji kuma zan yi. *Vi'onai* na nufin ba zan yi ba. *Ke'o* neman a maimaita ne, *ki'e* kuma godiya ce.

A Hausa "to" tana ɗaukar *je'e* da *vi'o* gaba ɗaya. Wanda aka aika ya ce "to" na iya nufin ya yarda, yana kuma iya nufin maganar ta shiga kunnensa kawai. "An gama" alkawari ne, "na ji" ba alkawari ba ne, "sai na gani" sau da yawa ƙi ne a cikin ladabi. Wannan sassauci yana kare kunya, domin yana ba ƙarami damar kauce wa cewa "a'a" a fuskar babba. Yana kuma haifar da saɓani, idan mai aike ya ɗauki "to" a matsayin alkawari alhali mai amsa bai ɗaure kansa ba. Masu hulɗar bashi da masu ba da kwangilar aiki sun san wannan, shi ya sa sukan ƙara tambaya, "ka yarda?", su nemi amsa a gaban shaidu.

Umarni da labarin umarni

Yin umarni daban, ba da labarinsa daban. Lojban yana da cikakkun kalmomin aiki na wannan fage: *minde* umurta, *cpedu* nema, *pikci* roƙo na magiya, *curmi* ƙyalewa, *stidi* ba da shawara. Jimlar da aka gina da su habari ce, tana iya zama gaskiya ko ƙarya.

*la .musas. pu minde mi lo nu klama le zarci*: Musa ya umarce ni in je kasuwa.
*la .musas. pu cusku lu ko zutse li'u*: Musa ya ce, "zauna".

A misali na biyu *lu* da *li'u* su ne alamun zancen wani, kuma furta su ake yi. *Ko* da ke tsakaninsu na Musa ne, bai hau kan mai sauraren yanzu ba. Ɗan aike da ya ce "sarkin ruwa ya ce kada a shiga tafki" yana iya zama mai ba da labari, yana iya zama mai isar da hani da ya hau kan kowa. A Lojban sai ya zaɓi ɗaya.

Daga nan sai roƙo a fakaice. J. L. Austin, a littafinsa na 1962, da John Searle bayansa, sun nuna cewa mutane kan yi aiki da magana, kuma siffar jimla ba kullum take daidai da aikinta ba. "Ko za ka iya taimaka mini?" tambaya ce a siffa, roƙo ce a nufi. Baƙon da ya ce "yau ana rana" mai gida yakan kawo masa ruwa. A Lojban, *xu do kakne lo nu sidju mi* tambaya ce game da iyawa, kuma amsarta ta ƙa'ida "i" ce ko "a'a". Babu abin da ya hana mai saurare ya gane nufin ya taimaka, amma tun da *.e'o* na nan, gajeriya kuma ba ta da kaushi, dalilin kewayawa ya ragu.

Iyaka da amfani

Abin da Lojban ya kawar shi ne harshen damo na ginin jimla. An gwada nahawunsa da manhajar kwamfuta don a tabbatar kowace jimla hanya ɗaya take rarrabuwa. Bai kawar da duhun ma'ana ba. Kalmomin nufi da na matsayi zaɓi ne, wanda ya ga dama ya bar su. *Ko zutse* tsurarta ba ta ce roƙo ba, ba ta ce tsawa ba, kuma mai saurare zai koma ga yanayi kamar yadda yake yi a kowane harshe. Haka nan mutum na iya cewa *.e'o* da baki alhali kowa ya san ƙin yi zai jawo masa fushi. Masu magana da harshen kaɗan ne, warwatse a ƙasashe, mafi yawan hulɗarsu ta intanet ce, don haka al'adar ladabi irin wadda ƙarnuka suka gina wa Hausa ba ta kafu a cikinsa ba.

Amfaninsa ga mai nazarin Hausa shi ne ya zama ma'auni. Malamin nahawu da ya jera "zauna", "ka zauna", "a zauna", "sai ka zauna", "da ka zauna", "zauna mana", ya nemi ɗalibai su faɗi wace kalmar nufi da wace kalmar matsayi ta dace da kowace, zai sa su ga abin da suka saba yi ba tare da sun lura ba. Buƙatar wannan ta ƙaru a Nijar tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin da ke nufin sanarwa da takardun hukuma da na asibiti da na makaranta za su ƙara yawa a cikinta. A rubuce babu murya, babu fuska. "A kawo yara rigakafi" ba ta nuna ko wajibi ne ko kira ne, "a biya kafin ƙarshen wata" ba ta nuna wa zai biya. Masu gina manhajar fassara ma suna karo da wannan, domin inji ba ya jin karin sautin "ya zo".

Hausa tana da kayan fayyacewa isassu: dole ne, wajibi ne, ya kamata, an so, an yarda, an hana, ana roƙo, ana shawartar. Marubucin sanarwa ko mai fassara doka yana buƙatar ya tantance abubuwa huɗu kafin ya sa alƙalami: aikin da ake nema, wanda zai yi shi, nauyin da ke kansa, da irin amsar da ake jira. Waɗannan su ne abubuwan da Lojban ya ware wa gurabun jimla da *ko*, da *doi*, da kalmomin nufi tare da *ga'i*, da kuma *je'e* da *vi'o*.